Isotiretinoyin da danginsa: maganin fata da ba a sha sai da lissafi

A cikin magungunan da likitan fata ke rubutawa, da wuya a sami mai aiki kamar isotiretinoyin, da wuya kuma a sami wanda ke buƙatar a sa masa ido kamarsa. Shi ne kafson da kamfanin Roche ya fito da shi, ake sayarwa da sunan Roaccutane, a Amurka kuma aka san shi da Accutane tun da aka amince da shi a 1982. Yanzu kamfanoni da yawa ke yin sa, sunan da ke saman kwali kan bambanta, amma a ƙasansa za a ga an rubuta isotretinoin. Yana cikin dangin magungunan da ake kira retinoyid, waɗanda asalinsu bitamin A ne. Akwai na shafawa, akwai na sha. Na shafawa aikinsu a fata yake tsayawa, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Na sha kuwa jiki duka suke zagawa, kuma a Katsina ba wuya mutum ya same su ba tare da takardar likita ba, ko a shagon magani ko a hannun masu tallar kayan gyaran jiki ta waya. Wannan ya sa ya kamata a yi maganarsu dalla-dalla.

Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su haifar da ƙurajen fuska. 'Yan jakunkunan da ke gindin gashi su riƙa fitar da maiƙo fiye da kima, bakin ƙofar gashin ya toshe da matacciyar fata, ƙwayar cutar da ke rayuwa cikin maiƙon ta hayayyafa, sai wurin ya kumbura ya tara mugunya. Magungunan da aka saba da su kowanne ɗaya ko biyu yake taɓawa daga ciki. Isotiretinoyin kaɗai ke taɓa duka huɗun. Yana sa jakunkunan su tsuke, har maiƙon ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari a mako 6 na farko, kuma ƙwayar cutar ta rasa abin ci. Shi ya sa mutane da dama idan suka kammala shansa ƙurajen ba sa dawowa shekaru, wasu ma har abada.

Sai dai ba kowace fuska mai ƙuraje ce ke buƙatarsa ba. An yi shi ne don manyan ƙuraje masu tauri a can cikin fata, masu zafi, waɗanda ke haɗewa su yi rami, su bar tabo a kumatu da haɓa da ƙirji da gadon baya. Ana kuma ba da shi ga wanda ya yi watanni yana amfani da maganin shafawa da na kashe ƙwayoyin cuta yadda aka umarce shi, amma abin ya ƙi. A baƙar fata akwai ƙarin dalili: kowane ƙurji idan ya mutu yakan bar baƙin tabo mai daɗewa, wasu kuma jikinsu kan yi tabo mai tudu da ba ya bajewa, musamman a muƙamuƙi da ƙirji. Irin wannan mutum bai kamata a bar shi shekara biyu yana yawo daga wannan sabulu zuwa wancan ba.

Kafin a kai ga nan, tambaya ta farko da ya kamata a yi wa duk mai ƙurajen fuska a garin nan ita ce: wane mai kike shafawa, wace ƙwaya kike sha? Man bilicin da haɗin da ake kwaɓawa a zuba a roba ba suna, da yawansu na ɗauke da kilobetasol ko betametason, magunguna masu ƙarfi da ke sa fata ta yi haske kuma ta feso da ƙuraje. Haka ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda sau da yawa deksametason ne a ciki. Ƙurajen da waɗannan ke kawowa suna da kama: ƙanana ne, girmansu ɗaya, sukan fito a tare a goshi da kumatu da ƙirji. Maganinsu shi ne a rabu da abin da ya kawo su. Wadda ta daɗe tana shan deksametason ba za ta yanke shi rana ɗaya ba, likita ne zai rage mata a hankali. A ɗora isotiretinoyin a kan wannan ba tare da an daina man ba, asarar kuɗi ce da jefa kai cikin haɗari a banza. Haka macen da ƙurajenta ke taruwa a haɓa, ga al'ada ba ta zuwa daidai, ga gashi na fito mata a gemu, sai an duba lamarin ƙwan mahaifarta, don ita ko ta sha kafson ƙurajen kan dawo.

Adadin da ake sha da nauyin jiki ake auna shi. Yawanci ana farawa da rabin miligiram a kowane kilo a rana, a hau zuwa miligiram 1 a kowane kilo idan jiki ya ɗauka. Kafson ya fi zuwa a miligiram 10 da 20. Abin da aka daɗe ana bi shi ne jimillar abin da mutum zai sha daga farko zuwa ƙarshe ta kai miligiram 120 zuwa 150 a kowane kilo. A ɗauki mai nauyin kilo 60: zai fara da miligiram 30 a rana, jimillarsa kuma aƙalla miligiram 7,200. Idan an tsayar masa a kan 40 a rana, kwana 180 ke nan, wata shida, wato kafso 360 na miligiram 20. Idan 20 kawai yake iya jurewa, sai ya kusa shekara. Ya kamata a yi wannan lissafin tun ranar farko, a buga shi da kuɗin kwali da kuɗin gwaje-gwaje, domin wanda ya sayi kwali biyu ya ga fuska ta yi kyau ya tsaya, ya sha wahalar maganin bai samu ribarsa ba. Likitoci da yawa yanzu sun fi duba fuskar da kanta, su ci gaba har ta washe sarai sannan su ƙara wata ɗaya ko biyu.

Maganin a cikin mai yake narkewa, don haka ba a shan sa da wofin ciki. Idan aka sha shi da abinci mai maiƙo, abin da ke shiga jini kan ninka kusan sau biyu. Koko zalla ko shayi ba madara ba su isa ba. A sha shi a tsakiyar babban abinci: tuwo da miya mai manja ko man shanu, shinkafa da wake da mai, ƙwai soyayye, ƙosai. A watan azumi sai a mayar da shi sau ɗaya a rana, bayan an ci abinci mai nauyi na buɗa-baki, ba lokacin dabino da ruwa ba. Ba a tauna shi, ba a fasa shi. Wanda ya manta na jiya ba zai haɗa biyu yau ba. Kafson mai laushi ne, zafin Afrilu da Mayu na iya sa shi ya narke ya manne, don haka ba a barin sa a mota ko a bakin taga. Akwai man waken suya a cikin Roaccutane da wasu irinsa, saboda haka wanda awara ko gyaɗa ke tayar wa borin jini ya faɗa tun kafin a rubuta.

Yanzu babbar maganar, wato juna biyu.

Isotiretinoyin yana lalata halittar jariri a makonnin farko, lokacin da mace ma ba ta san ta ɗauka ba. Cikin jariran da maganin ya riska a ciki aka kuma haife su, tsakanin kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari na zuwa da nakasa babba: kunne ƙanƙane ko babu shi sam, ruwa a ƙwaƙwalwa, matsalar zuciya da manyan jijiyoyinta, tsagewar ganɗa, ƙaramin muƙamuƙi. Wasu a haife su kamar lafiya, sai daga baya a ga ƙwaƙwalwar ba ta kai ba. Ɓari ma na yawaita. Babu adadin da za a ce ya yi ƙanƙanta, babu kwanakin da za a ce sun yi kaɗan. Wannan ne ya sa Amurka ta kafa tsarin iPLEDGE a 2006, inda ba a ba mace maganin sai an yi mata rajista, an ga gwajin ciki na wannan watan, kuma na kwana 30 kawai za a ba ta.

Ƙa'idar ita ce: mace ta fara hanyar hana ɗaukar ciki mai inganci wata guda kafin kafson farko, ta ci gaba duk tsawon shan, ta ƙara wata guda cur bayan na ƙarshe. Ingantacciyar hanya na nufin robar mahaifa ko ashanar hannu, ko kuma a haɗa biyu, misali ƙwaya ko allura tare da kwaroron roba. Ƙirgen kwanaki ba ya cikin lissafi. Ƙaramar ƙwayar nan mai sinadari ɗaya da ake ba masu shayarwa ita ma ba a dogara da ita. Ana gwajin ciki kafin a fara, a fara shan a rana ta biyu ko ta uku ta jinin al'ada, a maimaita gwajin kowane wata, a sake bayan wata guda da gamawa. Mai shayarwa ba ta sha sam, sai bayan yaye. Idan al'ada ta yi jinkiri ana cikin sha, a ajiye kafson a ranar, a je asibiti da kwalin a hannu.

A ƙasar Katsina da Daura wannan ƙa'ida na cin karo da yadda muke rayuwa, kuma a nan ne haɗarin yake. Wa ya fi matsuwa fuskarsa ta washe da wuri? Yarinyar da aka sa wa rana. Saura wata biyu biki, ƙawa ta ce ga wani kafso da ke share fuska, ta fara sha, ta tare da ragowar kwalin a cikin kayanta, ga shi dangi duka sun zuba ido a ga ciki a shekarar farko. Garin neman gira a rasa ido ke nan. A ganina duk wadda bikinta bai wuce wata takwas ba, ko dai ta haƙura da wannan magani a yi mata wani, ko kuma a zauna da angon a yi magana a fili cewa za a jinkirta haihuwa har a gama. Matar aure ma haka: idan maigida bai san da maganar ba, ko bai yarda da tazara ba, kada a rubuta. Kuma wata biyun ma ba ya isar maganin ya nuna aikinsa. A makonnin farko ƙurajen kan ƙara tashi kafin su kwanta, sai amarya ta shiga ranar kamu fuska ta fi da muni, leɓe a tsage.

Iyaye kan ji haushi idan aka ce a yi wa budurwarsu gwajin ciki. Baba da Mama su yi haƙuri, ba zargi ba ne. Ƙa'ida ce da ke kan duk macen da ta fara al'ada, a ko'ina ake ba da maganin nan, kuma likitan da ya tsallake ta don kunya bai kyauta wa yarinyar ba.

Namiji da ke sha ba ya cutar da cikin matarsa ta hanyar saduwa, abin da ke fita a maniyyi bai kai ya yi illa ba. Hanyoyi biyu ne maganinsa ke kaiwa ga mai ciki. Na farko, ya ga ya yi masa aiki ya ɗiba ya ba matarsa ko ƙanwarsa. Na biyu, jini. A asibitocinmu idan an ce mara lafiya na buƙatar jini 'yan uwa ake kira, kuma kaso mai yawa na jinin nan ɗakin masu ciki yake tafiya. Mai shan isotiretinoyin ba ya ba da jini har sai ya yi wata guda da dainawa, ko da wanda ke kwance ɗan uwansa ne na jini.

Sauran illolin yawancinsu bushewa ce, kuma kusan kowa zai gamu da ita. Leɓe ne kan gaba: ya bushe, ya yi ɓawo, ya tsage a kusurwa. Har likitoci kan ce idan leɓen mutum bai bushe ba, a bincika ko yana shan maganin, ko da abinci yake sha, ko kuma jabu aka sayar masa. Cikin hanci ya bushe a riƙa haɓo, ido ya yi kamar an zuba yashi, bayan hannu da damtse su yi kautsi. Wanda ya san hunturun Katsina daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da mai lafiya ma leɓensa ke fashewa, ya san abin da zai faru idan aka ɗora wannan a kai. Inda ƙurajen za su iya jira, gara a fara da damina. Inda ba za su jira ba, a fara da kaɗan. Basilin ya zauna a aljihu, a shafa a leɓe sau da yawa a rana, a lakata kaɗan a cikin hanci da dare. A jiki man kaɗanya ya wadatar, a shafa shi da an fito wanka fata na da danshi, a kuma ƙara a hannu da fuska bayan alwala, tunda ruwa sau biyar a rana na ƙara busar da fata. A bar sabulu mai kaifi da soso mai kaushi da ruwa mai zafi sosai. Ido a sa masa ruwan hawaye na kwalba da ake sayarwa a famasi.

Fatar kan yi rauni, rana na saurin ƙona ta. Halawa haramun ce a wannan lokaci, ina nufin a likitance: idan aka manna aka fizge, saman fatar kan biyo gashin, ya bar ciwo da baƙin tabo. Dilka da gurzar jiki su ma a ɗage su. A ba fata wata shida bayan an gama kafin a koma halawa ko aikin goge tabo da na'ura.

Wasu kan yi ciwon gaɓoɓi da na baya, musamman 'yan ƙwallo da masu aikin ƙarfi, gashi kan ɗan zube ya dawo daga baya, gefen farce kan kumbura. Akwai kuma dundumi, wanda kan zo ba sallama. Direban da ke bin hanyar Kano ko Daura ko Jibiya da dare, da ɗan acaɓa, in ya ga ganinsa ya ragu bayan magariba ya ajiye tuƙin dare, ya koma wurin likita.

A cikin jini abu biyu ake bi: hanta da kitse. Ana gwaji kafin a fara, a maimaita bayan wata guda, sannan duk wata uku idan komai daidai ne. Gwajin kitse da safe ake yi ba a ci komai ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu kitsen da ake kira tiraigilisaraid kan hau masa, yawanci kaɗan ne, amma idan ya haura 800 a ma'aunin miligiram cikin desilita yana iya kumbura fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, wanda alamarsa ciwon ciki ne mai tsanani da ke ratsawa baya tare da amai. Masu ƙiba da masu ciwon suga sun fi shiga wannan. Awon hanta idan ya ninka iyakarsa sau uku a rage ko a tsaya. Da yake ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasar nan kuma da yawa ba su san suna ɗauke da shi ba, hankali ne a gwada shi tun farko. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba a ajiye su har a gama.

Haɗin da ya fi saurin faruwa a nan shi ne da tetarasaikilin, kafson nan mai ja da rawaya da ake saye a kemis don gudawa, da ɗan uwansa doksisaikilin, wanda shi kansa maganin ƙurajen fuska ne. Idan suka haɗu da retinoyid, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa kan yi matsi. Alamarsa ciwon kai mai nauyi wanda ya fi tsanani da asuba, tashin zuciya, gani bibbiyu ko dishi-dishi, da ƙara a kunne. Wannan ba na farasitamol ba ne, na tsayar da magani ne a je asibiti a duba bayan ido, don jinkiri na iya taɓa gani. Ba a kuma ƙara bitamin A a kai, ko na ƙwaya ko man hantar kifi, kuma mai son tsiren hanta ya rage.

Maganar ko isotiretinoyin na jawo damuwa an daɗe ana muhawara a kanta. Ƙurajen su kansu na jefa matashi cikin ƙunci, da yawa kuma hankalinsu kan kwanta idan fuska ta gyaru. Duk da haka an sha samun waɗanda halinsu ya sauya suna cikin sha, har da tunanin kashe kai. A 2023 hukumar magunguna ta Birtaniya ta tsaurara ƙa'ida, ta ce ɗan ƙasa da shekara 18 sai ma'aikatan lafiya biyu sun amince kafin a fara masa, kuma a riƙa tambayar kowa halin zuciyarsa da lafiyar jima'insa a duk zuwa. Matashinmu ba zai ce yana cikin damuwa ba. Na gida ne za su lura ya daina fita majalisa, ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ko faɗa ya yi masa yawa. In an ga haka a tsayar da kafson a sanar da likita.

Asitiretin, wanda ake sayarwa da sunan Neotigason, ɗan gidan ne amma aikinsa daban. Ba a ba da shi don ƙurajen fuska. Na cututtukan da fata ke yin kauri da ɓawo ne: soriyasis mai tsanani, musamman mai fitar da ƙananan ƙuraje masu mugunya ko wanda ya mamaye jiki, kaurin tafin hannu da na ƙafa da ke tsagewa, da ciwon nan na gado da ake haifar yaro fatarsa na ɓamɓarewa kamar ɓawon kifi. Ana kuma ba wasu da aka yi wa dashen ƙoda don rage musu kansar fata. Yawanci miligiram 25 zuwa 50 ne a rana, ana iya farawa da 10, kuma sai an yi wata uku zuwa shida ake ganin iyakar aikinsa. Amfaninsa babba shi ne ba ya raunana garkuwar jiki, don haka yana da daraja ga mai soriyasis da ke ɗauke da cuta mai karya garkuwa. Ba a haɗa shi da metotireksat, wani maganin soriyasis, don hanta ba ta ɗauka. Saɓar tafin hannu da zubar gashi sun fi yawa da shi.

Wa'adinsa kuwa shekara uku ne. Macen da ta sha asitiretin ba za ta ɗauki ciki ba sai bayan shekara 3 da dainawa, kuma mace ko namiji ba mai ba da jini a tsawon wannan lokaci. Dalili shi ne jiki kan juya wani ɓangarensa zuwa etiretinet, tsohon maganin da aka janye daga kasuwa saboda yana maƙalewa a kitsen jiki, sai ya yi kusan kwana 120 kafin rabinsa ya fita. Barasa ce ke hanzarta wannan juyi. Kada a ce ai mu ba ma sha: wasu magungunan tari da na ƙarin jini na ruwa akwai ta a ciki, sai an karanta kwalba, a lokacin sha da wata biyu bayansa. A wurin da mace ke haihuwa duk shekara biyu ko uku, gaskiya asitiretin maganin maza ne da matan da suka gama haihuwa.

Akwai wasu biyu a dangin da ba kasafai ake ganinsu a nan ba. Alitiretinoyin, mai suna Toctino, na kumburi da tsagewar hannu ne mai daɗewa wanda ya gagari man shafawa, miligiram 30 a rana na mako 12 zuwa 24, kuma ciwon kai ne illarsa ta farko. Bekzarotin na wata kansar jini ce da ke bayyana a fata, yana hawar da kitse sosai, yana kuma danne aikin tayiroyid, gaɓar nan da ke gaban wuya, sai an haɗa da magungunan gyara su.

Wanda ke ganin yana buƙatar ɗaya daga cikin waɗannan ya nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda za a iya yin gwaje-gwajen a kuma bi shi wata-wata. Ya sayi maganin a famasi mai rajista, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Bayan kafson ƙarshe fuska kan ci gaba da gyaruwa har mako takwas, don haka ba a yanke hukuncin sake zagaye na biyu kafin wannan lokaci ya cika. Leɓe da ido kan koma daidai cikin 'yan makonni. Baƙin tabon da tsofaffin ƙuraje suka bari ba ya tafiya tare da su, yakan ɗauki watanni, kuma a nan ne da yawa ke komawa man bilicin su dawo da ƙurajen da hannunsu. Abin da ya dace shi ne man kare rana da safe, da retinoyid na shafawa irin adafalin da dare, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ga fuska duka, ana farawa da dare biyu ko uku a mako. Shi ma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shafa shi, ita sai a ba ta man azelayik.